Yadda Gwanki Ya Bar Ƙasar Zazzau, Gada Ta Zauna

 

Duk wanda yake bibiyar gajerun labaran da muke ɗorawa a wannan zaure zai lura da wani abu: da zarar labari ya shiga daji, dabba mai ƙaho guda ɗaya ce tak muke da ita, barewa. Maharbi ya harbo barewa, zaki ya kama barewa, budurwa tana da idanu kamar na barewa. Mu 'yan Zariya ma muna da ɗan uzuri, domin daga nan Kongo zuwa Kwalejin Barewa ba wata tafiya ba ce. Makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, ita ce aka raɗa wa wannan suna a 1971, kuma tun muna yara muke ganin hoton dabbar a tambarinta. Sai dai mafi yawanmu a tambarin kaɗai muka san ta.

Kakanninmu ba haka suke magana ba. Ƙamusun Bargery da ya fito a 1934 ya tattara sunayen da Hausawa suke kiran dangin barewa da su, kuma kowane suna dabba ce daban, mai kamanninta da halinta. Akwai gwanki, babbansu a dajinmu, mai tsawon kunne da fuska baƙi da fari. Akwai kanki mai doguwar fuska da gangararren baya. Akwai dari, da mariya, da gwambaza, da kwanta-rafi, duk 'yan fadama da bakin ruwa. Akwai mazo mai zane-zane a jiki, ɗan kurmi. Akwai batsiya, akwai gada, can arewa kuma a bakin hamada akwai warwaji, fari mai ƙaho kamar takobi. Mutanen da suka raba waɗannan sunaye ba a littafi suka gan su ba. Suna cin karo da su a hanyar gona.

Tambayar da muke so mu bi a yau ita ce: ina suka tafi, kuma me ya sa ba su tafi tare ba? Domin har gobe mafarauci zai iya fita ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ya dawo da gada, amma ko zai shekara yana yawo ba zai ga sawun gwanki ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutane sun yi yawa, daji ya ƙare. Gaskiya ne, amma ba ta gama bayani ba. Dajin ya ƙare wa gwanki da gada a lokaci guda, ɗaya ya tafi ɗaya ta zauna. Bambancin yana cikin yadda kowannensu yake zaman duniyarsa.

Mu fara da gwanki. Ƙasar Zazzau asalinta dajin doka ce, itatuwa jefi-jefi da doguwar ciyawa irin gamba a tsakaninsu, kuma irin wurin da gwanki yake so ke nan. Namijinsa yakan kai kilo 250 zuwa 300. Yana zama a garke ƙarami, mata biyar zuwa sha biyar da 'ya'yansu, da namiji babba guda ɗaya. Wanda ya hango garken zai ɗauka namijin ne shugaba, alhali ba shi ke jan tafiya ba. A cikin matan akwai babba wadda sauran suke bi, ita ke zaɓen inda za a yi kiwo da lokacin da za a gangara ruwa. Aikin namiji shi ne ya hana wani namiji matsowa. Idan biyu suka haɗu kuwa, sai kowanne ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba, su sarƙe ƙahonni suna turereniya har ɗaya ya sare. 'Yan maza da suka kai shekara biyu zuwa uku ana korarsu daga garke, su je su haɗa tasu ƙungiyar ta gwauraye, su yi shekaru suna jiran ranar da ƙarfinsu zai kai su ƙwace garke.

Wurin da raunin gwanki yake shi ne haihuwa. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata tara, ta haifi ɗa guda. Ba ta tafiya da shi. Sai ta kai shi cikin doguwar ciyawa ya kwanta, ita ta koma garke, ta riƙa zuwa safe da yamma tana shayar da shi, har tsawon makonni. Wannan dabara tana aiki muddin ciyawar tana tsaye. Ranar da aka cinna wa dajin wuta, ko shanu suka bi ta kai suka cinye ta har ƙasa, ɗan gwanki ya zama tuwon kura da dila. Ga shi kuma gwanki ba ya jure ƙishirwa, dole ya je ruwa a kai a kai, kuma ba ya son cunkoso. Wato dabba ce mai buƙatar fili mai faɗi, da ciyawa mai tsawo, da mashaya wadda babu kowa. Duk ukun babu wanda manomi da makiyayi ba sa buƙata.

Kanki shi ma ɗan garke ne, amma nasa tsarin ya fi karkata ga tsaro. Yayin da sauran suke kiwo, sai ɗaya ya hau kan suri ya tsaya ƙyam yana duba ko'ina, in ya ga abin da bai yarda da shi ba ya yi huci, garke ya zuba a guje. Yana da gudu kuma yana da juriya. Yana kuma da wata ɗabi'a da ta yi masa amfani shekaru aru-aru kafin ta zama ajalinsa: in ya yi ɗan gudu sai ya tsaya ya waiwayo ya ga abin da ya koro shi. Ga zaki wannan tazara ta isa. Ga kibiya ma ta isa. Ga harsashi ba ta isa ba.

Maharban da suka yi zamani da waɗannan dabbobi sun san duk wannan, kuma sana'arsu kacokan a kan sanin halin dabba aka gina ta. Kibiya ba ta cin nisa, ko da an shafa mata dafin kwankwani, saboda haka dole maharbi ya matso kusa. Daga nan ne muka samu kalmar da 'yan jarida suke yawan amfani da ita yau, shigar burtu. Maharbi ya lura cewa gwanki da kanki ba sa gudun tsuntsun nan burtu mai yawo a ƙasa yana tsince-tsince, sai ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa yana kaɗa kai kamar mai caccakar ƙasa har ya shiga inda kibiya za ta kai. Aiki ne na wuni guda a kan dabba guda, kuma sau da yawa a tashi a tutar babu. Kirarin da ake yi wa gwanki, sha bara, shaida ce ta yawan waɗanda suka auna shi suka rasa. Wanda aka samu kuma ba a yar da komai nasa ba: nama a ci, fata a jeme, ƙahon a huda shi a gefe ya zama abin busa a fada. Fatar warwaji kuwa daga arewa ake kawo ta, da ita ake yin garkuwar mayaƙan doki.

Ba muna cewa mutanen da suna tausayin dabba fiye da mu ba ne. Farautar gayya ta rani, da karnuka da gora da wuta, ba ta bar komai a gabanta. Abin da ya tsare dabbobin shi ne ƙarancin makami da kuma faɗin dajin da ke tsakanin gari da gari. A ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe da hare-haren kamen bayi sun sa mutane sun taru a garuruwa masu ganuwa da kan duwatsu, aka bar manyan dazuzzuka babu mai iya kwana a cikinsu. Abin takaici ne a faɗa, amma rashin zaman lafiyar mutane ya zama zaman lafiyar gwanki.

Sauyin ya zo a jere cikin shekaru kamar hamsin. Wajen 1891 annobar bushiya ta ratsa ƙasar nan daga gabas, ta kashe shanun Fulani har aka riƙa kiran shekarar da Sannu, saboda yawan jaje. Ba ta tsaya kan shanu ba, ta taɓa ɓauna da mazo da gadu. Turawa suka karɓi Zariya a 1902. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka buɗe kasuwar auduga da gyaɗa, haraji ya koma na kuɗi, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka bazu suna sharar sababbin gonaki. Bindigar toka ta yawaita a hannun talaka, daga baya fitilar goshi ta zo, wadda ke sa dabba ta tsaya cak cikin dare idanunta suna ƙyalli. Sannan aka zo yaƙi da ƙudan tsando. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta fara shirin Anchau a gabashin lardin Zazzau don maganin ciwon barci: aka sare itatuwan bakin rafuka a wani dogon zirin ƙasa, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Shirin ya ceci rayukan mutane, wannan babu musu. Amma kurmin bakin rafi da aka sare shi ne ɗakin kwanan mazo, dabbar da ke zaman kaɗaici a cikin duhuwa, ba ta nisa da inda aka haife ta.

Turawan da suka kawo wannan sauyi su ne kuma suka kawo dokar kare namun daji. An yi ta farko mai ƙarfi a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963. A ganinmu dokar farko ta fi kula da tsara wa mai lasisi yadda zai yi harbi fiye da tsare wa dabba wurin zama. Abin da ya yi tasiri shi ne keɓe ƙasa. A 1936 aka keɓe gandun dajin En'e a Birnin Gwari, wanda shi ne ya zama gandun ƙasa na Kamuku a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. A 1956 aka keɓe Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe shi ga masu ziyara a ranar 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006.

Yankari ne wurin da za mu iya gwada maganar da muka faro, domin a can an ja layi an ce kowa ya zauna lafiya, amma duk da haka ba kowa ya zauna ba. Rayuwar gandun ta rataya ne a kan kogin Gaji. Da damina dabbobi suna bazuwa cikin daji, da rani kuma ruwa ya janye su dawo kwarin kogin, shi ya sa masu ziyara suka fi ganinsu daga ƙarshen shekara zuwa watan Mayu. Gwanki da kanki da gwambaza da mazo suna nan har yau. Gwanki ya samu abubuwa ukun da muka ambata, sai ya zauna. Amma dari ya ƙare a Yankari, mariya ta ƙare, raƙumin dawa ya ƙare, har ita barewar da muke ta rubutawa ta ƙare. Bushiya ma ta sake dawowa a 1983 ta yi wa ɓaunar gandun ɓarna.

Labarin mariya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a duk dangin kaɗan ne masu tsarin aure irin nata. Wani masani Ba'amurke, Helmut Buechner, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1961, bayan ya yi nazarin mariyar Yuganda. Inda mariya take da yawa, mazan sukan taru a wani fili guda da suka gada kaka da kakanni, su talatin ko arba'in, kowanne ya kama ɗan da'irar da ba ta wuce taku ashirin ko talatin ba. Babu abinci a wurin, ciyawar ma an tattake ta. Kowane namiji yana tsaye a nasa yana fito yana taƙama, matan kuma su zo su ratsa ta tsakiya su zaɓi wanda suke so, kuma yawanci na tsakiyar fili suke zaɓa. Saboda haka faɗa a kan tsakiya ba ya ƙarewa, wanda ya kama wurin ba ya daɗewa yunwa da gajiya suke sauke shi. Duk wanda ya taɓa zuwa dandali ranar kasuwa a ƙauye ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

To amma dandali sai da jama'a. A gandun Comoé na ƙasar Kodebuwa masu bincike sun ga cewa da farauta ta rage yawan mariya, wannan taro na maza ya watse, kowane namiji ya koma ya kama nasa yanki shi kaɗai. Wato kafin dabbar ta ƙare, al'adarta ce take fara mutuwa. Ga shi kuma mariya ba ta barin fadama, tana son fili buɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa kusa da ruwa, kuma tana komawa wuri guda kullum. Mafarauci ba ya buƙatar nemanta, ya san adireshinta. Fadamar kuma ita ce wurin da mai shanu yake nufa da rani, ita ce wurin da mai lambu yake so. Dari ma haka, ɗan fili ne mai tafiya a babban garke, ana hango shi daga nesa.

Yanzu mu dubi gada, wadda ba ta da kirari mai daɗi kuma babu makarantar da aka sa wa sunanta. Nauyinta bai fi na ɗan akuya ba, kilo 12 zuwa 25. Ba ta da garke. Namiji yana da ɗan yankinsa, mace tana da nata, suna haɗuwa ne idan buƙata ta taso. A ƙasan idonta akwai wata tsaga mai fitar da maiƙo mai ƙamshi na daban, da shi take shafa wa rassa alama don 'yan uwanta su san wurin da mai shi. Ba ciyawa ta dogara da ita ba: ganye, 'ya'yan itace da suka faɗo, saiwa, fure, ƙwari, wani lokaci har ɗan tsuntsu. In ta samu ɗanyen ganye tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, saboda haka babu mashayar da za a yi mata kwanto. In ta ji motsi ba ta tashi, sai ta lafe har mutum ya kusa taka ta, sannan ta yi wuf ta faɗa cikin duhuwa tana kwana-kwana. Inda mutane suka matsa mata sai ta mayar da kiwonta dare. Gonar wake da ta kori gwanki, ita gada abinci ta samu a ciki.

Wani masani mai suna Peter Jarman ya tsara wannan a wata makala da ya fitar a 1974. Ya nuna cewa a dangin barewa girman jiki da irin abinci da yawan garke da hanyar tsira duk a ɗaure suke da juna. Ƙanana masu tsince abinci mai kyau ɗaya-ɗaya suna zama su kaɗai ko biyu-biyu, makaminsu ɓuya. Manya masu cin ciyawa suna taruwa da yawa a fili, makaminsu idanu da yawa da gudu. Jarman yana maganar zaki da damisa ne. Tarihin ƙasarmu ya ƙara masa babi: da mutum mai bindiga da garma ya zama babban abokin gaba, taruwa a fili ta koma hatsari, ɓuya ta ci riba.

A nan ne muke ganin marubuci yake asara idan ya tattara su duka ya kira barewa. Mai gadin da ya tsaya a kan tudu yana duba hanya kanki ne. Tsohuwar da gida duka ke bin bayanta alhali ana cewa maigida ne shugaba, a garken gwanki take. Ko karin maganar da muka fi so, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wanda ya san dabbar zai ji ta da wani ɗanɗano daban, domin a makonninsa na farko ɗan barewa ba ya gudu kuma ba ya rarrafe. Kwanciya yake yi ya manne da ƙasa, ko numfashi da ƙyar, uwar tana kiwo daga nesa kamar ba ta san da shi ba. Gudun sai daga baya.

A cikin gandayen nan biyu, wanda ya fi kusa da mu shi ne Kamuku, kuma shi ne ya fi wuyar zuwa. Ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Zariya sunanta Ƙofar Kuyambana, sunan da dajin da ya haɗe da Kamuku ta ɓangaren Zamfara yake ɗauke da shi. A yau in an ambaci sunayen nan biyu babu wanda gwanki ke zo wa a rai. Dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan bindiga, har a 2015 gwamnonin yankin suka haɗa kai da sojoji aka shiga aka ƙwato shanu masu yawa, kuma matsalar ba ta kau ba. Kada mu yi tsammanin za a maimaita abin da ya faru a ƙarni na 19, inda tsoro ya bar wa dabbobi daji. Mutanen wancan zamani sun gudu sun bar dajin ne. Na yanzu a cikinsa suke kwana, da garken shanu da bindigogi masu sarrafa kansu, kuma ma'aikacin gandu ba shi da ikon shiga ya ƙirga abin da ya rage.

A Bauchi an gwada cike gurbi ta wata hanya. A 2006 ƙasar Namibiya ta ba da kyautar namun daji aka zuba su a gandun Sumu, cikinsu har da jakin dawa da raƙumin dawa da wasu dangin barewa na kudancin Afirka. Suna da kyan gani, yara suna murna. Sai dai yawancinsu baƙi ne da Hausa ba ta taɓa raɗa wa suna ba, yayin da masu sunan suke ƙarewa a Yankari.

Warwaji ne ya fi kowa nisan tafiya. A 1955 Faransawa suka keɓe gandun Gadabeji a arewacin Maraɗi, hekta 76,000, kuma kare warwaji yana cikin manyan dalilan keɓe shi. Amma warwaji ɗan ci-rani ne, garkensa yana bin ruwan sama ɗaruruwan kilomita, arewa da damina, kudu da rani, babu layin da aka ja a taswira da zai riƙe shi. Mota mai shiga rairayi da bindiga da rijiyoyin da suka kai dabbobin gida makiyayarsa, sannan farin 1973 da na 1984, suka gama da shi. A shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauran warwaji a daji a duk duniya, sai a gidajen ajiye dabbobi da gandayen masu kuɗi. A 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dhabi aka kai su gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a tsakiyar Chadi aka sake su, aka ci gaba da ƙaro wasu a shekarun da suka biyo. Dabbobin da aka haifa a bayan waya suka haɗa garke, suka fara bin ruwan sama, suka haihu a daji. A watan Disamba na 2023 aka cire warwaji daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Gadabeji kuwa a 2018 ta karɓi raƙuman dawa takwas daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, amma warwajin da aka keɓe ta dominsa bai dawo ba tukuna.